Asibitin kuɗin da muka kwantar da Adda a Gombe

Da niyyar yabo na zauna rubutun nan, saboda likitan da ke zuwa musu ranar Alhamis. Allah ya saka masa da alheri. Bai yi minti biyar a bakin gadon Adda ba ya ce ta buɗe baki, ya duba dasashinta, ya juya tafin hannunta. Layukan sun yi baƙi ƙirin, mu kuwa duk zatonmu ranar Gombe ce. Ya tambaye ni ko tana kwaɗayin gishiri. Na ce ai a hannu take zubawa tana lasa, kullum sai mun yi mata faɗa. Ta taɓa tarin fuka? Ta yi, shekara 6 ke nan.

Nan take aka ɗebi jini. Gishirin jininta, wato sodiyam, ya faɗi zuwa 121, alhali na mai lafiya 135 zuwa 145 ne. Bawan Allan nan ya ja kujera ya zana min a bayan takarda. Akwai 'yan ƙulluwa biyu a saman ƙoda masu samar da wani sinadari mai suna kotizol, tarin fuka kan lalata su, shi ne cutar Adison. Ƙwaƙwalwa kuma tana sakin wani sinadari, basofiresin, mai hana ƙoda zubar da ruwa, kotizol ne ke taka masa birki. In babu birkin sai ruwa ya taru ya tsinke jinin, kamar miyar da aka cika wa ruwa, ga kuma gishirin na zurarewa ta fitsari. Baƙin fatar ma daga saƙon da ƙwaƙwalwa ke ta aika wa ƙulluwan ne don su tashi aiki.

Sai dai ina cikin rubuta wannan raina ya sake ɓaci. Tun Litinin muke kwance a wurin. Taifot da maleriya suka ce, ba su ƙara ba. Leda bayan leda ta ruwan sukari suke rataya mata, wanda ashe shi ke ƙara tsinke gishirin. Daren Laraba ta daina gane 'ya'yanta, tana kirana da sunan marigayi Baffa. Na ce wa nas ɗin, "Sista, anya ruwan nan yana karɓarta kuwa?" Ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Malam, kai ne likitan ko mu?" Ɗakin gwajinsu fa ƙofa biyu ne tsakaninsa da ɗakinmu, amma babu wanda ya tuna da gwajin gishiri.

Da aka yi mata allurar haidirokotizon, mai maye gurbin kotizol, miligiram 100, aka sauya zuwa ruwan gishiri, kafin asuba fitsari ya ɓalle, ta farka tana neman kunu. Likitan ya dage a riƙa maimaita gwajin, ya ce in gishirin ya hau da gaggawa shi ma yana taɓa ƙwaƙwalwa. Yanzu tana kan ƙwayoyi safe da rana, in zazzaɓi ya kama ta a ninka, in amai ya hana su zama a garzaya a yi allura.

Ɗaya maganin, fuludirokotizon, mai riƙe gishiri a jiki, babu shi a kantinsu, sai Kano muka aika. Mai zuwa asibitin nan ya daidaici Alhamis. Ledojin ruwan sukarin nan kuwa, duk tara, sai da suka lissafa mana su a kuɗin sallama.