Dajin furostat: ƙwayar kumburi ko hanyar asibiti?

A Marwa ta Kamaru, dattijo ya fara tashi fitsari sau huɗu a dare, abin da kan iya zama alamar matsalar furostat (wata 'yar gaɓa a ƙarƙashin mafitsarar namiji), sai ya aiki jikansa kemis a sayo masa ƙwayar rage kumburi, ibuprofen ko diclofenac. Araha, ga ta kusa, kuma tana lafar da zogin kwankwaso. Masana na bincike ko irin su aspirin na rage wa dajin furostat gudu, amma har yau likitoci ba su ɗauke su maganinsa ba. Shan su kullum-kullum kuwa, yana iya jawo gyambon ciki, ƙoda ma ta sha wuya.

Asibiti akwai kashe kuɗi da zirga-zirga. Gwajin jini na PSA tukuna, sannan a ɗebi ɗan naman a duba. In dajin ne, allurar da ke rage sinadarin maza na testosterone, abincin dajin kenan, tana danne shi. Gashin haske (ƙone dajin da hasken na'ura) kam, sai dattijon ya gangara babban gari irin Duwala.