Kwale-kwalen farko don fita fatsa da yara: sassaƙaƙƙe, na katako ko na faiba?

Assalamu alaikum. Ɗan uwan da ya yi tambaya shekaranjiya cewa yana zaune kusa da dam ɗin Tiga, yana da yara uku, babban shekara 12, ƙaramin 6, kuma yana so ya sayi kwale-kwale ya riƙa fita da su fatsa ranar Asabar, an yi masa tayin sassaƙaƙƙe na hannu da arha, ga kafinta ya ce zai haɗa masa na katako, ga kuma wani yana zuga shi ya tara kuɗi ya sayi na faiba, wato wanda ake ƙerawa da zaren gilas da sinadarin liƙi, to Malam ga abin da zan ce maka. Ni a bakin ruwa na tashi, wajen Yauri, kuma duka ukun na hau su, biyu na mallaka.

Kafin komai ka sa a ranka jirgin nan ba na kamun kifi za ka saya ba, na ɗaukar yara za ka saya, kifin ƙari ne. Idan ka riƙe wannan rabin shawarar ta yanke kanta.

Sassaƙaƙƙe tukunna, tunda shi ne mai arhar kuma na san shi ya fi jan hankalinka. Wannan shi ne wanda ake sassaƙa daga gungume ɗaya, galibi maɗaci ko kawo, wani wurin rimi. Ba zan raina shi ba wallahi, jirgin kakanni ne, wanda aka gano a Dufuna ta jihar Yobe a 1987 lokacin da wani makiyayi ke haƙa rijiya, masana suka auna suka ce ya kai shekara 8,000, kuma daga itace ɗaya aka sassaƙa shi, tsawonsa ya haura mita 8. To kaga ba yau aka fara ba. Yana da sauri, yana yanka ruwa shiru ba ya korar kifi, yana shiga lungu cikin ciyawa inda babban jirgi ba zai shiga ba, kuma babu haɗi babu ƙusa balle ka ce wani wuri zai buɗe. Masunci shi kaɗai da birginsa, wato ragar jifa, babu abin da ya fi masa shi.

Amma faɗinsa faɗin bishiyar ne, ba ka da yadda za ka ƙara, kuma gindinsa a zagaye yake kamar kwami. Ma'ana kenan yana juyawa. Wanda ya saba, jikinsa ne ke gyara jirgin ba tare da ya yi tunani ba, shi ya sa za ka ga Basarke, wato masuncin gado, ya miƙe tsaye a ciki yana watsa birgi kamar yana kan tudu. Yaro ɗan shekara 6 kuma da zarar ya ga toton fatsarsa ya nitse zai zabura ne ya leƙa, ɗan uwansa ma ya taso ya leƙa ta gefe ɗaya, shikenan bakin jirgin ya sha ruwa. Na gani da idona, ƙanena yana ɗan shekara 8 muna cikin sassaƙaƙƙen babanmu, karfasa ce ta kama masa ko tafin hannu ba ta kai ba, ya miƙa hannu zai cafke ta, kafin in ce zauna mun tsinci kanmu a ruwa mu biyu, gwangwanin tana yana yawo a gefe. Allah Ya sa ruwan iya ƙirjina ne. Har yau idan na tuna yadda ya riƙe mini wuya gabana sai ya faɗi.

Sannan na hannun da aka yi maka tayi, ka duba dalilin arhar. Sassaƙaƙƙe idan ya daɗe a rana yana tsagewa daga goshi ko daga gindi, tsagar tana bin jijiyar itacen, za a cusa tsumma a shafe da kwalta a buga langa-langa a kai, ya yi kyau a ido, amma tsagar tana ci gaba ta ƙasa. Manyan bishiyoyin ma yanzu sun yi wuya, shi ya sa sababbin da ake sassaƙawa suke zuwa sirara. Ni dai da yara uku ban ba ka shawarar sa ba ko kyauta ne.

Na katako shi ne wanda ake jera falankai a buga da ƙusa, a toshe haɗin da auduga ko tsumma a bi da kwalta. Shi ne ya cika tafkin Kainji da kogin Kwara da bakin tafkin Chadi yanzu. Babbar fa'idarsa gare ka ita ce kai za ka faɗi faɗin da kake so. Gindinsa shimfiɗaɗɗe ne, to yana zama a kan ruwa daram, yaro ya motsa ya ɗan karkata ya dawo. Ka ce wa kafintan kana son tsawo kamar ƙafa 16, faɗin ciki a tsakiya kada ya gaza ƙafa 3 da rabi, in ya kai 4 ma ya fi, gefen kuma ya yi tsayi sosai yadda in kun shiga ku duka da kayanku za a samu aƙalla taƙi ɗaya cikakke tsakanin ruwa da bakin jirgin. Wannan taƙin shi ne ranku, kada ka bari a rage shi don a yi tsimin falanki ɗaya.

Ka kuma ce masa ya sauke bencin zama ƙasa. Kafintoci sun saba ɗora katakon zama a saman baki saboda fasinja, kai kuma so kake nauyin yaran ya kasance can ƙasa kusa da ruwa, don duk yadda nauyi ya yi sama jirgi ya fi saurin juyawa. Ni a nawa ƙananan a ƙasa suke zama kan 'yar tabarmar roba da na shimfiɗa bisa wasu falankai, ƙirjinsu ne daidai bakin jirgin, suna riƙe da sandar fatsa lafiya lau.

Aibinsa fa akwai, ba zan ɓoye maka ba. Yana yoyo. Duk na katako yana yoyo, bambancin kawai wani kaɗan wani da yawa, sabo ma sai ya kwana biyu a ruwa katakon ya kumbura kafin haɗin ya kama. Dole kullum akwai yankakkiyar jarka a ciki ta kwarfe ruwa, kuma wannan aikin sai ka ba wa ɗan shekara 12 ɗin, zai ji shi ma ma'aikaci ne. Yana da nauyi, kai kaɗai ba za ka ja shi tudu ba. Iska tana tura shi gefe saboda gindin ba ya kama ruwa, tuƙa shi da filafili sai ka sa ƙarfi, ba ya gudu. Ƙusoshi suna tsatsa, duk shekara sai ka kife shi ka bi haɗin ka sake kwalta, kuma ka bi cikin da hannunka ka lanƙwashe duk kan ƙusar da ya leƙo saboda ƙafar yara. In ka bar shi a tudu cikin ranar Maris da Afrilu zai bushe ya buɗe baki, gara ya zauna a ruwa a ɗaure ko a inuwa. Amma duk waɗannan abubuwa ne da kowane kafintan bakin ruwa zai gyara maka da yamma ɗaya, da kuɗi kaɗan.

Katakon da za a yi da shi ka tsaya a kai. Jan katako mai nauyi irin maɗaci yana daɗewa, farin katako mara nauyi da ake yin silin da shi ya fi arha amma ruwa na cinye shi da wuri. Ka je da kanka ka ga falankan kafin a fara bugawa, ka ƙi duk mai ƙulli ko tsaga.

Na faiba kuma gaskiya yana da daɗi. Ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa, ba ruwanka da kwalta, ba nauyi, ka wanke shi ya yi fes, babu ƙusar da za ta soki yaro. Amma tsadarsa ta ninka na katako nesa ba kusa ba, kuma yawancin waɗanda ake kawowa an yi su ne don a ɗaura musu inji irin Yamaha, da filafili wahala suke ba mutum saboda suna zaune a saman ruwa iska na wasa da su. Idan ya daki kututture ko dutse ya fashe, gyaran sai mai sinadarin liƙin da ƙyallen faiba, ba kowane gari ake samu ba. Abu mafi muhimmanci kuma wanda masu sayarwa ba sa faɗa: katako ko ya cika da ruwa yawanci yana tsayawa a sama ku samu abin riƙewa, faiba kuwa ya fi ruwa nauyi, in babu soso ko rufaffen akwatin iska da aka gina a goshi da bayansa, yana cika zai tafi ƙasa. In har za ka saya to ka tambaya a nuna maka wurin, kuma ka sa a cika shi da ruwa a bakin gaɓa ka gani da idonka.

To in an jera su: wajen zama daram na katako mai faɗi ne gaba, faiba mai faɗi yana biye, sassaƙaƙƙe can baya. Wajen kuɗi sassaƙaƙƙe na hannu ya fi sauƙi, faiba ya fi tsada. Wajen gyara a ƙauye na katako. Wajen gudu da shiga lungu sassaƙaƙƙe, wanda kai ba ka buƙatar ko ɗaya. Ni na katako zan ce ka sa a yi maka, rarar kuɗin da ka so tarawa na faiba ka sayi rigunan ruwa da ita.

Maganar rigar ruwa dan Allah kada ka ɗauke ta ƙari. Mutanen Kano ba su manta da Bagwai ba, ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau za su Mauludi, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara, kuma lodi ne ya yi yawa. Allah Ya jiƙansu. Ruwan dam ne irin wanda kake shirin shiga. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ma tana ta nanata sa rigar da hana tafiyar dare. Ka sayi ta yara daidai nauyinsu, yawanci ana rubuta kilo a jiki, kuma mai igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu, don ta manya in ka sa wa ƙaramin yaro yana faɗawa ruwa za ta zame ta kansa ta tafi ta bar shi. Gwajin da nake yi shi ne in ɗaure masa in kama kafaɗun rigar in ɗaga, in ta haye har kunnuwansa to ta yi masa yawa. Kai ma ka sa taka ko ka iya ruwa, saboda mutum ɗaya ba ya ceton yara uku. Jarka da gora suna taimako amma sai yaro ya riƙe, wanda ya firgita kuwa sakewa yake yi.

A farkon fita ma kada ka kwashe su duka. Ka fara da babban shi kaɗai sau biyu sau uku har ya iya riƙe filafili, sannan ka ƙara na biyun, ranar da za ku fita ku duka ka nemi babba ɗaya ya zauna a goshi kai kana baya. Doka ɗaya ce a jirgina, ba a miƙewa, wanda kifi ya kama masa ya yi magana ni zan miƙa homa, wato 'yar ragar kwaso kifi. Ku tsaya kusa da gaɓa inda gorar tuƙi take taɓa ƙasa, nan ne ma karfasa da tarwaɗa suke kiwo a gindin ciyawa, tsakiyar dam babu abin da yaro zai samu sai tsoro. Da sassafe za ku fita ku dawo kafin hantsi ya yi zafi, don Tiga faɗi ne da shi, iska tana tashi ta tara igiyar ruwa cikin ɗan lokaci, musamman da hunturu da farkon damina. Ka ga hadari ya haɗo daga gabas kada ka ce bari a ƙara jefa ɗaya, ku juya. Ka kuma je ka gaida Sarkin Ruwan wurin da masuntan da ke kwana a kai, su za su nuna maka inda kututture yake a ƙasa da inda aka shimfiɗa ragar kalli ko igiyar ƙugiyoyi ta mamari kada ku je ku sarƙe, mu a Kainji bishiyoyin da ruwa ya shanye tun da aka datse kogin a 1968 har yanzu wasu suna nan suna fasa jirage.

Ƙugiyar yara ka sa filaya ka danne ɗan haƙorin nan na baya, in ta shiga yatsa ta fita da sauƙi. Ƙurungu in ya kamu kai za ka cire, ƙayarsa tana kafewa ta soki hannu, minjirya kuma mai jan mutum kamar lantarki kada kowa ya taɓa, a yanke zaren kawai. Sannan ka rage musu wasa a ruwan gaɓa mai ciyawa da dodon koɗi, nan ake kwasar tsargiya, in ka ga jini a ƙarshen fitsarin yaro ka kai shi asibiti akwai maganinta, kada a ce ai balaga ce.

Ranar da kafintan ya ce ya gama, kada ka cika masa kuɗi a tudu. A saka jirgin a ruwa ya kwana biyu, ka zo da buhunan yashi kwatankwacin nauyin yaranka ka jera inda za su zauna, ka shiga a ruwa iya gwiwa, ka matsar da buhu biyu gefe ɗaya kamar yadda yara za su yi in kifi ya kama, ka ga ko bakin yana kusantar ruwa. In ya kusa, ya ƙara falanki a gefe kafin ka karɓa. Allah Ya sa albarka, Ya tsare mana su.