Rabin kuɗin zanenka na mai gida ne: yadda ƙananan gidajen baje koli suke a Landan

'Yan'uwa masu zane na Zariya da Kano, ga bayanin da kuke yawan nema game da ƙananan gidajen baje kolin zane a nan Landan. Yawancinsu ba su wuce girman shago ba: ɗaki ɗaya ko biyu, farin bango, mai gida da mataimaki guda. Shiga kyauta ce. Aikin mutum ɗaya kan yi mako huɗu zuwa shida a bango, ana buɗewa da ɗan biki da yamma, galibi ranar Alhamis daga ƙarfe 6 zuwa 8. Zanen da aka saya sai a manna masa jan ɗigo a gefe, ya ci gaba da zama har ranar rufewa.

Abin da ke fara tayar wa namu hankali shi ne la'ada. Mai gida kan ɗauki kashi 50 cikin 100. Dillalin Kasuwar Kurmi da ya nemi haka, a ranar zai rasa ubangida. Amma a duba abin da rabin nan yake saya. Haya, wuta, inshora, mai ɗaukar hoto, mai rataye zane, takardar bayanin aiki, duk a wuyansa suke, ko an sayar ko ba a sayar ba. Sama da duka, shi ke da sunayen masu saye. A gida Najeriya mai zane ne ke yin wannan ɗawainiya da kansa, har da man janareta. A ganina rabon bai yi tsada ba, muddin an rubuta.

Rubutun nan shi ne babban bambanci. Kafin a buga ƙusa ɗaya, ana sa hannu a yarjejeniya: sunan kowane zane, girmansa da santimita, farashi, wa'adin ajiya, da ranar biya, wadda sau da yawa kwana 30 ce bayan mai saye ya biya. Zanen naka ne har sai an sayar, ajiya ce kawai a hannunsa. Babu taya da albarka irin tamu. Farashi na kan takarda, ragin da aka saba yi wa babban mai saye kashi 10 ne, don haka a rubuta ko daga rabon wa za a cire. Kada kuma ka sayar da irin aikin a Instagram da rabin kuɗi, nan take amana ta karye.

Yawancin asara a hanya take faruwa. In za a naɗe zane, fentin ya kalli waje, a kan bututu mai kauri. In ya kalli ciki sai ya matse ya tsattsage. Ledar nan mai ƙurajen iska kada ta taɓa fenti, tana barin tabonta, a fara sa takarda mai santsi. Akwatin ɗanyen katako sai da hatimin ISPM 15, shaidar an kashe ƙwarin cikinsa, shi ya sa filawud ya fi sauƙi. A nemi takardar hukumar gidajen tarihi ta Najeriya da ke nuna aikin ba kayan tarihi ba ne. Kwastan na Birtaniya na karɓar harajin kashi 5 a kan zane, maimakon 20 na sauran kaya. Fatar kada ko ta mesa kuwa, ba izinin CITES (yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji), ƙwacewa za a yi.

Wajen ratayewa sun fi mu natsuwa. Tsakiyar zane kan zauna kimanin santimita 150 daga ƙasa. Aikin takarda da na rinin yadi ana rage musu haske sosai, don haske na cinye launi kuma ba ya dawowa.

Mai neman ƙofa ya duba gidajen da suka saba da aikin Afirka: October Gallery, wadda ta daɗe tana nuna aikin El Anatsui ɗan Ghana, da masu zuwa 1-54, kasuwar baje kolin zanen Afirka da ake ci a Somerset House tun 2013. Gidan da ya ce ka biya kuɗin bango kafin ya rataye aikinka, haya yake bayarwa, ya riga ya ci ribarsa a kanka, ba abin da zai sa ya nemo maka mai saye.