Tritsch-Tratsch ko Unter Donner und Blitz: wanne za ka fara saurara?

Ɗan'uwa, ka ce ka ji waɗannan kaɗe-kaɗe biyu na Johann Strauss ƙarami, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Austriya, kamar abu ɗaya ne, ka tambayi wanne ya fi. Gaskiyarka, akwai kama. Dukansu polka ne, rawar da ta fito daga Bohemiya, a ƙasar Czech ta yanzu, wajen shekarun 1830, bugu biyu-biyu, kuma kowanne bai wuce kamar minti 3 ba. Amma shekara 10 ce tsakaninsu, kuma kunne na jin haka.

Tritsch-Tratsch na 1858 ne. Lokacin Strauss na zuwa Pavlovsk, kusa da birnin Sen Pitasbag na Rasha, yana jagorantar makaɗa duk bazara, ya dawo gida Biyana ya fitar da shi. Kan tsegumin gari aka gina shi, ma'anar sunan ke nan da Jamusanci. Saurari yadda goge ke fara 'yar magana, sarewa ta cafe ta ƙara mata gishiri, wata ta mayar da sama, kamar ana raɗa a gidan biki. Ba nauyi a ciki ko kaɗan, gudu ne da tsalle.

Unter Donner und Blitz kuwa, wato "cikin tsawa da walƙiya", na 1868 ne, bayan ya riga ya yi kiɗan nan nasa na kogin Danub a 1867, hannu ya faɗa. Nan ganguna ke da gari. Babbar ganga na ruri a ƙasa a matsayin tsawa, faya-fayen tagulla da ake gwarawa su ne walƙiya. Abin da ke burge ni shi ne duk wannan hadari bai sa 'yan rawa sun rasa taku ba. Tsawar na faɗowa daidai kan bugu. Shi ya sa masu shirya Die Fledermaus, wasan kwaikwayo na waƙa da Strauss ya yi wa kiɗa, kan saka shi a wurin liyafar kashi na biyu, ko da yake ba don wasan aka rubuta shi ba.

Ni dai na biyun na fi so, ba na ɓoyewa. Sai dai in da waya za ka ji, fara da Tritsch-Tratsch, don ƙaramin lasifika na cinye rurin gangar nan, rabin daɗin ya tafi. Na biyun ka jira sai ka sami abin sawa a kunne mai kyau. Nemi na makaɗan Vienna Philharmonic a bikinsu na 1 ga Janairu a zauren Musikverein, sun sha kaɗa duka biyun.