Hilux da aka ɗaga: 265/70 ko 285/70?

Alhaji, Allah ya sanya alheri a motar. Ka ce ka ɗaga Hilux ɗinka da inci 2, tayar da ta zo da ita 265/65R17 ce, yanzu kana kai-kawo tsakanin 265/70R17 da 285/70R17. Ka kuma ce zirga-zirgarka duk tsakanin Jidda, Makka da Ɗa'if take, rairayi sai jefi-jefi.

A lambobin nan, ta farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu tsayin gefenta bisa ɗari na faɗin, ta ƙarshe girman wili a inci. Tayarka ta yanzu tsayinta milimita 776 ne. 265/70 tana da 803, ita kuwa 285/70, wadda 'yan banshar, wato masu gyaran taya, ke kira talatin da uku don tsayinta ya kusan inci 33, tana da 831. Amma rabin ƙarin ne kawai ke ɗaga cikin mota daga ƙasa: milimita 13 a ta farko, 27 a ta biyu. Ka auna wannan da yatsa kafin ka zaro riyal.

Ita 265/70 ba ta da rigima. Faɗinta ɗaya da tsohuwar, tana hawa wilinka na asali, a mafi yawan Hilux ba ta buƙatar yanke-yanke. 285/70 kuwa akwai magana. Mutane suna zaton in an ɗaga mota shi ke nan an buɗe wa taya wuri, alhali ɗagawar tana canza tsayuwar motar ne kawai. Ranar da ka faɗa rami ka kuma murɗe sitiyari har ƙarshe, taya za ta koma inda take zuwa da can. A nan za ka ji tana gurzar madigadi. Sai an datse roba, wani lokaci a taɓa ƙarfe, a sauya wili, sannan a duba ko safaya za ta shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi. Kuma a mota mai jan ƙafa huɗu ba a gauraya girma, biyar za ka saya har da safaya.

Abin da ya fi damuna shi ne agogon gudu. Da 265/70, in ya nuna 120, ainihin gudunka ya fi haka, ƙarin da taya ta kawo wajen kilomita 4 ne. Da 285/70 ya haura 8. Kyamarar Saher mai kama masu wuce ƙa'idar gudu ba agogonka take karantawa ba, Alhaji, saƙon tara kawai za ka gani a waya.

Sai hawan Hada, hanyar dutsen nan tsakanin Makka da Ɗa'if. Babbar taya tana da nauyi, tana kuma tsawaita giya, don haka mota ta yi nawa wajen tashi, ta ƙara shan mai, in da kaya a baya ka ji injin na nishi. Gangarowa daga Ɗa'if kuwa birki ne ke ɗaukar wahalar.

A rairayi, gaskiya 285/70 ta fi. Gefenta ya fi tsayi, in ka sauke iska zuwa 15 ko 18 a ma'aunin iskar taya (PSI) tana shimfiɗuwa da kyau. Sai dai ita ma 265/70 da saukakkiyar iska za ta kai ka inda kake zuwa ta dawo da kai.

Ni dai 265/70R17 nake ba ka shawara. 285 ta wanda rabin rayuwarsa a sahara take ce. Ko wacce ka ɗauka, duba lokacin da aka ƙera ta a lambobi huɗu na ƙarshen DOT, rubutun da ke gefen taya: 2324 na nufin mako na 23, shekarar 2024. Zafin kwaltarmu ba ya raga wa tayar da ta kwana biyu a sito. Kuma tun da gyaran da ke canza siffar mota ba tare da izini ba laifi ne a wajen Murur, jami'an kula da hanya na Saudiyya, ka tambaya kafin lokacin Fahas ɗinka, wato binciken lafiyar mota, ya zo.