Zoɓon Inna da naman layya

A wani ƙauye da ke kan hanyar Gumel zuwa Maigatari akwai wata baiwar Allah da ke karɓar aikin kayan sha na Sallah da na biki. Ba ta da shago. Firiza ce mai aiki da sola a zaure, sai manyan robobi, sai 'ya'yanta mata da ke taya ta tata da ɗurawa. Mu Inna muke ce mata. Ita ta yi wa gidanmu abin sha na Babbar Sallar bana, kuma a ganina aikinta ya isa a yaba shi a fili.

Kafin ta karɓi kuɗina sai da ta tambaye ni: "Ɗan nan, me za ku ci ranar, me kuma za ku ci washegari?" Na lissafa mata: waina da miyar taushe in an sauko daga Idi, farfesun kayan ciki da yamma, washegari kuma suyar rago bayan ya kwana a rataye. Ta ce to kowannensu da abin shan da ya dace da shi. An ce haka Turawa ke yi da giyarsu ta inabi, ja wa jan nama, fara wa kifi. Mu Allah Ya raba mu da wannan, amma ashe hikimar haɗa ci da sha tana nan a tsakar gidajenmu.

Zoɓonta ne ya fi tsaya mini a rai. Jigawa tana cikin jihohin da suka fi noman zoɓo, har 'yan kasuwa na loda shi zuwa Meksiko, amma duk da haka yawancin wanda ake sayarwa a tasha ruwan sukari ne da garin ƙamshi na leda. Inna baƙin zoɓo take zaɓa, mai kauri, ta wanke shi har ƙasa ta fita, ta jiƙa a ruwan zafi maimakon ta bar shi yana ta tafasa. Citta, kanumfari da ɓawon abarba, shi ke nan. Ba ta sa kanwa, domin kanwa na kashe tsami, ita kuwa tsamin take nema. Idan ka ɗaga kofin gilashi a rana za ka gan shi ja wur har yana neman komawa baƙi. Kurɓar farko tsami ne ke tarbarka, sai zafin citta a maƙogwaro, sai ɗan bauri ya rage a harshe. Shi kaɗai, yara sun ce bai ji sukari ba. Amma da aka kawo soyayyen awaza mai kitse da yaji, sai kowa ya yi shiru. Maiƙon nan da ke daskarewa a dasashi idan nama ya fara hucewa, kurɓa ɗaya ke wanke shi, ka ji kana son ƙara yanka.

Jiƙon tsamiya ta ba mu don waina. Ya yi daidai, don yana rage nauyin man gyaɗa, sai dai barkonon ya ɗan yi wa tsofaffi yawa.

Kunun aya kuwa na farfesu ne. Aya, dabino da kwakwa ta markaɗa, ta tace sosai har ba ka jin dusa a baki, kuma sanyinsa da garɗinsa na kwantar da zafin attaruhu. Ta ja mini kunne kada a haɗa shi da alkaki ko nakiya, zaƙi kan zaƙi zai gundure mutum. A nan nake da ƙorafi. Dabinon ya yi yawa har ya danne ɗanɗanon ayar, ga shi kunun aya ba ya jure zafi. Ta aiko shi da safe tare da sauran, kafin la'asar gorunan da ba su samu ƙanƙara ba sun fara tsami. Da ta riƙe shi a firizarta zuwa lokacin farfesun, da ya fi.

Abu na biyu shi ne goruna. Tsofaffin robobin lemo take wankewa ta ɗura, wasu murafan ba sa rufuwa da kyau, zoɓo ya ɗiga a kan babur.

Kuɗin da na kashe bai kai na katan-katan ɗin lemon kwalba da muka saba saya ba, kuma baƙi sun fi tambayar inda aka yi zoɓon. Mai son aikinta ya yi mata magana tun mako guda kafin Sallah, ya kai nasa jarkokin masu tsabta, ya kuma ce a ajiye masa kunun aya sai ya aiko yaro.