Koko da Ƙosai ko Shayi da Burodi: Wanne Zai Kai Yaro Tara?

Wata 'yar uwa da ke zaune a Agege da ke Legas ta yi tambaya. Yaranta uku ne, babban shekararsa 10, autan 5, kuma motar makaranta tana tsayawa a ƙofar gida ƙarfe shida da rabi don gudun cunkoso. Tsakanin koko da ƙosai da kuma shayi da burodi, wanne ya fi musu amfani, wanne ya fi sauƙin haɗawa?

Maman yara, tambaya biyu kika haɗa, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Wajen sauri shayi da burodi ne a gaba, babu gardama. Wajen riƙe ciki koko da ƙosai ya yi masa fintinkau, amma da sharaɗi. Yaron da ya karya kafin shida da rabi, kuma ba za a fita tara ba sai wajen goma ko sha ɗaya, awa huɗu ke jiransa. Da awa huɗun nan za ki auna kowane kalaci.

Burodin Agege fulawa ce da aka raba ta da dusarta, shi ya sa yake da laushi, shi ya sa kuma yake saurin narkewa. Yaro zai tashi da cikinsa dam, kafin a gama darasi na biyu ya fara hamma. Shayin da ake haɗa shi da shi galibi ruwan zafi ne da sukari, sai 'yar madara don ya yi fari. Cokalin shayi ɗaya na sukari kusan giram 4 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an fi son sukarin da ake ƙara wa abinci kada ya kai kashi 5 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wanda ga ɗan firamare cokali biyar zuwa shida ke nan. In kin zuba uku a kofi guda, rabi ya tafi tun kafin ya sa takalmi. Garin Milo ko Bournvita kuwa da sukarinsa yake zuwa, ba ya buƙatar ƙari.

Akwai wata matsalar da ba a cika lura da ita ba. Ganyen shayi yana ɗauke da wani sinadari da ke rage yadda hanji ke tsotse sinadarin ƙarfen da jiki ke yin jini da shi, idan an sha shi tare da abinci. Ga yaro mai girma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gara ki ba shi madara da ruwan ɗumi, a bar ganyen wa manya.

Gyaran wannan kalacin ƙwai ne. Ƙwai ɗaya yana da furotin, wato sinadarin gina jiki, kusan giram 6, yaro ɗan shekara 4 zuwa 8 kuma yana buƙatar kusan giram 19 a yini, ɗan 9 zuwa 13 kusan 34. Dafa shi minti goma ne daga tafasa, kuma dafaffen ƙwai da ɓawonsa yana yin mako guda a firji. Burodi yanka biyu, ƙwai ɗaya, madarar gari cokali biyu manya a kofi: wannan ya zama abinci. Burodi da ruwan shayi kawai, yaudarar ciki ce.

To koko fa? A nan ne mutane ke ruɗin kansu. Koko shi kaɗai bai fi shayi da wani abin kirki ba, ruwa ne da gasara, fitsari biyu ya wuce. Darajar tana wajen ƙosai. Wake busasshe yana da furotin fiye da giram 20 a kowane giram 100, ga shi yana daɗewa kafin ya narke, man suyar ma yana ƙara jinkirta yunwa. Ƙosai huɗu ko biyar matsakaita da kofin koko mai kauri suna kai yaro tara ba tare da ya dinga kallon ƙofa ba.

Sai dai ƙosai ba ya son gaggawa. A surfa wake, a wanke, a jiƙa, a kai markaɗe, a buga ƙullu har ya tashi. Mai fita shida da rabi ba ta da wannan lokacin da asuba, mai ƙosan bakin layi kuma wata rana ba ta ma hura wuta ba yara sun tafi. Idan kika markaɗa da dare, sai ƙullun ya kwana a firji; a waje, zafin Legas zai tsamar da shi kafin gari ya waye. Kada ki sa gishiri sai za ki soya, domin yana kwantar da ƙullu, ki sake bugawa minti biyar da safe. Man kuma ya yi zafi sosai: ɗiga ƙullu kaɗan, in ya taso nan take to ya yi. Man da bai yi zafi ba shi ke sa ƙosai ya sha mai, yaro ya ci ya ji zuciyarsa na tashi a mota.

Saboda haka muke ganin alala ta fi ƙosai dacewa da gidanki. Wake ne dai, amma aikin duka da dare ake gama shi. Wake gwangwanin madara biyu, da albasa ɗaya, tattasai biyu, attarugu ɗaya saboda autan, mai ludayi ɗaya ƙarami, zai ba ki alala kamar shida, kowace ta ɗara ƙwai ɗaya furotin. Ta dahu minti arba'in zuwa arba'in da biyar, ta huce, ta shiga firji. Da safe ki turara ta minti goma yayin da ake wanka. Ki lura da wuta: firjin da aka ɗauke wa wuta yana riƙe sanyi kusan awa huɗu ne, shi ma in ba a ta buɗe shi ba. Alalar da ta fara yauƙi ko warin tsami, ɗumame ba ya gyara ta, zubarwa ake yi.

Shi kokon minti biyar ya ishe shi in gasara na nan. Kofi ɗaya na gasara mai kauri, ki dama da ruwan sanyi kaɗan har gudaji su mutu, sannan ki sheƙa ruwa kofi uku da yake tafasa a lokacin, kina juyawa. Ruwan filas da ya kwana ko wanda aka sauke ya ɗan huce shi ke tsinka koko. In hakan ta faru, mayar da shi kan wuta minti biyu kina juyawa, zai kama. Gasarar gero ko ta dawa ko akamun masarar da ake sayarwa a kasuwannin nan, duk hanyarsu ɗaya. Ki dai riƙa canza ruwan da ke kanta kullum, in ba haka ba tsaminta zai kori yara. Ranar da babu wake sam, zuba madarar gari ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa cokali ɗaya babba a kowane kofi. Gyaɗar ki tsince ta da kyau, domin laimar Legas tana sa ta fumfuna, gubar da ke cikin mai fumfuna kuma wuta ba ta kashe ta.

Indomie ba ta cikin tambayarki, amma mun san tana leƙo kai. In dole ce, rabin garin ɗanɗanon ya isa saboda gishirinsa, a fasa ƙwai a yanka karas.

Ga yadda za mu raba miki makon: Litinin da Talata koko da alalar da kika yi daren Lahadi, Laraba burodi da ƙwai da madara don ki huta, Alhamis da Juma'a alalar daren Laraba. Ƙosai a bar shi Asabar, ranar da babu mai danna hon a ƙofa. Autan kuwa, in yana cikin yaran da ba sa iya cin abu da duku-duku, kada ki yi masa ɗure. Ya sha rabin kofin koko a gida, ki sa masa ƙwan da ɓawonsa da ayaba ɗaya a jaka ya ci a mota. Alala kam a gida za a ci ta, don ba ta jure zaman jaka har tara.